Darasi Na 17: Fentin Gwangwani

Ga kaka ta yi. Ruwa ya ɗauke, gero ya shiga rumbu, mutane sun sami ɗan abin hannu. Yanzu ne lokacin gyaran gida. Wani zai yi yaɓe, wani zai aurar da 'ya, wani kuwa ƙyaurensa ne ya yi tsatsa da damina, yana so ya gyara shi kafin baƙi su zo.

Mu nan Kongolam a bakin iyaka mu ke. Motocin da ke tashi daga Daura zuwa Matamaye da Damagaram ta gabanmu su ke wucewa, saboda haka da wuya sabon kaya ya shigo ƙasar nan ba mu gan shi ba. Cikin kayan nan akwai wani ɗan gwangwani mai murfi. In ka girgiza shi sai ka ji wani abu yana ƙara a ciki. In ka danna kansa sai fenti ya fito kamar hazo. Shi a ke kira fentin gwangwani, ko fentin feshi. Ana samunsa a kantunan Daura da kasuwar Mai'aduwa ta ran Lahadi. A kansa za mu yi karatu yau, domin mun ga mutane da yawa sun saye shi sun yi hasarar kuɗinsu, waɗansu ma har da lafiyarsu.

Wani mutumin Amurka, wai shi Edward Seymour, shi ya fara ɗura fenti cikin irin wannan gwangwani, a shekarar 1949. Abu uku ne a ciki. Akwai fentin kansa, an tsinka shi da wani mai mai saurin bushewa. Akwai iska da aka matsa da ƙarfi, ita ce ke turo fentin waje. Akwai kuma ɗan ƙwallo, shi ne mai ƙarar nan, aikinsa ya dama fentin in an girgiza. Iskar da a ke sawa a dā an gane tana ɓata sararin samaniya, sai ƙasashen duniya suka taru a Montreal a 1987 suka yi alkawarin barinta. Wadda a kan sa yanzu 'yar'uwar gas ɗin girki ce. Mu riƙe wannan, za mu komo kansa.

To, me ya kamata a fesa wa fentin nan? Ƙarfe, da katako mai santsi. Watau ƙyauren ƙarfe, da ƙarfen taga, da akwatin amarya, da gado, da kujera, da keke. Bango kuwa ba nasa ba ne.

Wani maƙwabcinmu ya so ya burge surukansa. Ya sayi gwangwani shida kore, ya hau bangon zaurensa na ƙasa da feshi. Bango ya shanye fenti kamar yadda rairayi ke shan ruwa. Gwangwanin ƙarshe ya ƙare bai kai rabi ba. Da damina ta zagayo, inda fentin ya kama ya yi ta ɓamɓarowa, yana tafiya da yaɓen.

Dalili kuwa shi ne, bangon ƙasa numfashi ya ke yi. Ya kan sha laima da damina, ya fitar da ita da rani. Fentin mai ya kan toshe shi, laima ta rasa hanyar fita, sai ta tura fentin waje. Kakanninmu sun san haka. Shi ya sa su ke shafe bango da makuba, wadda a ke samu daga kwasfar ɗorawa, ko laso, wanda magina ke haɗawa da katsin marina. Ciki kuwa a shafa farar ƙasa. Wanda ya je Birnin Damagaram, ko ya zaga tsofaffin unguwannin Daura, ya ga zanen da magina suka yi da hannu tun yaɓe yana ɗanye. Wannan ado bai san gwangwani ba. Ko bangon siminti ne ma, mu yi lissafi. Gwangwani mai mililita 400 ya kan rufe kamar murabba'in mita 2. Bango mai tsawon mita 4 da tsayin mita 3 murabba'in mita 12 ke nan, gwangwani 6. Ɗaki bango huɗu gare shi. Fentin bokiti da buroshi ya fi araha nesa ba kusa ba.

Yanzu mu ɗauki ƙyauren ƙarfe mu gyara shi tare.

Aikin fari ba feshi ba ne, kankara ce. A nan yawancin mutane ke yin ragwanci. Mu sa samfefa mu goge tsatsa da tsohon fentin da ya tashi, har ƙarfe ya fito. Mu wanke da ruwa da sabulu don maiƙo ya fita, mu bari ya bushe sarai. Fenti a kan tsatsa kamar sabuwar riga ce a kan ƙazwa: ta rufe, amma ba ta warkar ba. Inda ƙarfe ya fito tsirara, a fara shafa masa jan fentin nan da masu walda ke sa wa sabuwar ƙofa, shi ke hana tsatsa komowa.

Sa'an nan mu zaɓi lokaci. Da hantsi, a inuwa, ran da iska ta kwanta. Cikin rana tsaka ƙarfe ya kan yi zafi, fenti ya bushe tun bai zauna ba. Ran da hunturu ya taso da ƙura kuwa, a haƙura, in ba haka ba ƙyaure ya fito da kaushi kamar dutsen niƙa.

Mu girgiza gwangwani sosai, kamar minti biyu. Mu gwada a jikin kwali tukuna. Mu riƙe shi tsaye, tsakaninsa da ƙyaure taƙi ɗaya da 'yan yatsu, watau santimita 25 zuwa 30. Hannu ya riƙa tafiya daga dama zuwa hagu, daga hagu zuwa dama, kada ya tsaya wuri ɗaya. Shafin fari ba zai rufe ba, za mu riƙa hangen ƙarfe ta ciki. Kada wannan ya dame mu. Mu dakata kamar minti 15, mu sake, mu kuma sakewa. Mai gaggawa shi ke matsowa kusa ya danna da ƙarfi, sai fenti ya yi ta zuba kamar hawaye, ya bushe haka nan. In an gama, a kifa gwangwani a danna kaɗan har iska zalla ta fito, don kada bakin ya toshe.

Ga inda mu 'yan makaranta za mu ci riba. Fentin nan ya fi kowane fenti daɗin yin rubutu da zane. Mu sami kwali mai kauri, mu rubuta sunanmu ko lambar gidanmu da manyan baƙaƙe, mu yanke su da reza. Mu manna kwalin a ƙyaure, mu fesa sama-sama da wani launi dabam, mu ɗaga. Ga suna ya fito tsaf. Amma akwai wata dabara. Haruffa irin su O da A da B da D suna da ciki. In muka yanke su zagaye ɗaya, cikin zai faɗo, O ta zama baƙin ƙwai. Sai mu bar 'yar gada sama da ƙasa ta riƙe cikin. Kada kuma mu manta da lanƙwasar Ƙ da Ɗ da Ɓ. Wanda ya so ya rubuta Ƙofa ya manta lanƙwasa, duk mai wucewa zai san malaminsa bai gama da shi ba. Haka a ke yin dagi, da wata da tauraro, a murfin akwati.

Mu komo kan iskar nan. Tun da 'yar'uwar gas ce, wuta ta ke nema. Kada a yi feshi kusa da murhu, ko fitila, ko mai shan taba. Mu duba jikin gwangwani, za mu ga hoton harshen wuta, da lamba 50. Ma'anarta kada zafi ya kai digiri 50. A ƙasar Daura zafin bazara ya kan wuce 40 a inuwa, balle cikin mota a rufe, ko a ƙarƙashin rufin kwano.

Warinsa kuma guba ne. Ya kan sa jiri da ciwon kai, wanda ya daɗe yana shaƙa ya kan taɓa masa ƙwaƙwalwa, kamar yadda sholisho ke yi wa samari. A yi aikin a fili, iska tana bayan mai feshi. Rufe hanci da rawani yana tare ɗigon fenti, amma ba ya tare warin. Yara da mata masu ciki su yi nisa. Gadon amarya a fesa shi a tsakar gida, ya kwana biyu ko uku a waje kafin a shigar.

Akwai kuma dalma. Waɗansu fentoci, musamman ja da rawaya, a kan sa musu dalma don launi ya yi haske. Amurka ta hana sa ta a fentin gida tun 1978, amma ba kowace ƙasa ce ta tsananta ba. Mun san abin da dalma ke yi: a 2010 yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan Zamfara, saboda ƙurar dutsen zinariya mai dalma da a ke niƙawa cikin gidaje. Ta fenti ba ta kai wannan yawa ba, amma kaɗan ma ta kan dakushe hankalin yaro, ba a kuwa gani sai daga baya. Saboda haka kada a fesa wa kwanon abinci, ko cokali, ko randa, ko abin wasan yara. Ƙurar tsohon fentin da muka kankare a yayyafa mata ruwa, a share, a binne nesa da rijiya. Mai aikin ya wanke hannu da sabulu kafin ya sa a tuwo.

Gwangwanin da ya ƙare bai ƙare ba, da sauran iska a ciki. Kada a huda shi, kada a ba yara, kada a jefa shi cikin sharar da za a ƙona, domin fashewa ya ke yi kamar bindiga. A danna shi a fili har ya daina huci, a ajiye wa masu sayen tsohon ƙarfe.

Ran darasi mai zuwa kowa ya zo da kwali da fensir da reza. Za mu yanka sunayenmu.