Shin Mai Albashi Yana Cin Zakka?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, mutane da yawa sun ɗauka faƙiri shi ne mai yawo da ƙoƙon bara. Wannan kuskure ne, kuma ya jawo ana hana hakki ga masu shi. A biranen Kano da Kaduna da Abuja akwai masinja da mai gadi da malamin firamare waɗanda ke sammako kullum zuwa aiki, amma albashinsu ba ya kai su ƙarshen wata. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota da na abinci suka hau. A 2024 an mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000, alhali mai gida yana neman kuɗin hayar shekara guda a dunƙule. Shi ya sa ma'aikatan Abuja da yawa ke kwana a Mararaba da Masaka, su fita kafin gari ya waye, su komo bayan lisha, ba su san maƙwabci ba, maƙwabci bai san su ba.

Allah Maɗaukaki Ya ambaci kashi 8 na masu cin zakka a Suratut Tauba, aya ta 60, Ya fara da faƙirai da miskinai. A wurin malaman Malikiyya, faƙiri shi ne wanda yake da wani abu amma bai isa abincin shekararsa ba. Miskini kuwa ba shi da kome. Shehu Halilu ya bayyana a Muhtasar cewa ya halatta a ba mai ikon yin sana'a zakka, har a ba shi abin da zai ishe shi shekara. Saboda haka albashi ba ya fid da mutum daga faƙiranci in bai wadatar da shi da iyalinsa ba.

Wahalar ita ce irin wannan bawan Allah ba ya roƙo. Suratul Baƙara, aya ta 273, ta siffanta mabukatan da wanda bai san halinsu ba yake zaton mawadata ne saboda kamun kansu. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira hadisin da ke nuna cewa miskini na hakika shi ne wanda ba shi da wadata, ba a kuwa farga da shi balle a ba shi sadaka. A ƙauye dangi sukan gane halin mutum. A birni sai an bincika.

Don haka ya kamata limamai da masu unguwanni su san 'yan hayar da ke cikinsu, attajiri ya nemi mai kunya kafin mai naci, ya ba shi a asirce. Mai gida kuma ya tuna da aya ta 280 a Baƙara, wadda ta yi umurni da a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi.

Allah ne Mafi sani. Allah Ya rufa asirin bayinSa, amin.