Darasi na Tara: Idan Ƙungiya Za Ta Sayi Abin Hawa

Manufar darasi: mambobi su san abin da za su duba kafin su fitar da kuɗin akwati su sayi mota ko adaidaita sahu, da yadda za su riƙe shi ba tare da ya cinye musu jari ba.

Lokaci: awa ɗaya da rabi.

Kayan aiki: tsakuwa 24, kwano huɗu, littafin magatakarda.

Abin da ya sa na rubuta wannan darasi

Iyayena da yayyena, bari in fara da labarin da har yanzu yake ci mini rai. A shekarata ta biyu a wannan aiki, akwai wata ƙungiya mai mata 25 da nake zagayawa duk ranar Laraba. Mata ne masu ƙoƙari, ba sa fashin zubi. Da aka zo rabon ƙarshen zango, sai suka ce ba za su raba ba, adaidaita sahu za su saya. Dalilinsu mai ƙarfi ne: kuɗin kai kaya kasuwa yana cinye ribar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma idan naƙuda ta tashi da dare babu abin da zai kai mace asibiti. Na ji daɗi, har na tafa musu.

Suka kwashe kusan duk abin da ke akwati suka ba ƙanin mijin wata daga cikinsu, ya shiga birni, dillali ya haɗa shi da wani keke mai sabon fenti. Babu bakanike, babu wanda ya duba takarda. Mako uku ya yi yana aiki sai inji ya fara hayaƙi. Ana cikin neman kuɗin gyara, jami'an hanya suka tare direban, aka ga lambar da ke takarda daban, wadda ke jikin keken daban. Kafin a karɓo shi an sha wahala, kuma da ya dawo babu kuɗin gyara. Wata huɗu yana ajiye a gindin dalbejiya, kaji suna kwana a ciki. Mata uku suka fice daga ƙungiyar cikin fushi.

Ranar da na je ba su haƙuri, shugabarsu ta dube ni ta ce, "'Yata, kin koya mana ajiya, amma ba ki koya mana saye ba." Gaskiya ta faɗa. Na yi karatun lissafin kuɗi a foliteknik, amma ban zauna da su mun lissafa komai ba. To, wannan darasin shi ne bashin da nake biya.

Magana ɗaya nake so ku riƙe: kuɗin saye ba shi ne kuɗin abin hawa ba. Abin hawa kamar saniya yake, ranar da aka shigo da shi gida ranar zai fara ci.

Mataki na farko: lissafi kafin a taɓa akwati

Ku zauna ku amsa waɗannan da gaskiya. Wane aiki zai yi? Kwana nawa a mako zai samu aiki? Hanyarmu tana biyuwa da damina, ko wata uku zai yi a ajiye? Akwai bakaniken da ya san irinsa kusa da mu? Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, mai ya zama babban abin da ke cin kuɗin direba, don haka ƙaramin inji mai shan mai kaɗan ya fi mana babbar mota ta burgewa.

Sannan kuɗin da kuka tara ku kasa shi uku: kuɗin saye, kuɗin takardu da inshora, da kuɗin gyaran farko. Abin hawa na hannu, komai kyansa, sai an juye masa baƙin mai, wataƙila a sauya taya ko batir tun makon farko. Shawarata ita ce cikin kowace naira goma, a bar biyu a gefe. Idan kuɗinku iya na sayen ne cif-cif, to ba ku kai ba tukuna, ku ƙara zango ɗaya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Asusun taimakon gaggawa kuma ba a taɓa shi. Na rashin lafiya ne da rasuwa da gobara. Haka nan kada a share asusun rance gaba ɗaya, domin mamba ba za ta daina buƙatar jarin sana'arta ba don an sayi keke.

Mataki na biyu: ranar ciniki

Kada a yi cinikin biri a sama, kada kuma a tura mutum ɗaya. A tafi da mambobi biyu ko wakilansu amintattu, da bakanikenku na kanku wanda ku kuka biya shi. Bakaniken mai sayarwa ko na dillali ba naku ba ne. Dillali la'adarsa yake nema, sai an saya yake samu.

A je da sassafe, a tayar da inji yana sanyi, domin injin da ya ɗumama yana ɓoye ciwonsa. A dubi hayaƙi: shuɗi alama ce inji yana ƙona baƙin mai, baƙi ƙirin yana nuna shan fetur fiye da ƙima, fari mai kauri da ba ya yankewa a mota yana iya nufin ruwa na shiga inji. A zaro sandar gwajin baƙin mai. Idan ya yi kalar shayi da madara, ruwa ya gauraya da shi, ku bar motar nan. A leƙa ƙasa ko akwai ɗigon mai, ko walda a jikin ƙarfen gindi. A ɗora mutane ko buhu a hau hanya mai gargada, a gwada birki da giya. Sabon fenti kada ya ruɗe ku, fenti ba ya jan kaya.

Taya ma tana da ranar haihuwa. A gefenta akwai lamba huɗu a jere; idan kun ga 2322, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2022. Tsohuwar taya ko da zanenta bai cinye ba tana iya fashewa a zafin kwalta.

Sai takardu, inda waccan ƙungiyar ta faɗi. Lambar shasi da lambar inji da ke jikin ƙarfe dole su zama daidai da na takarda, harafi bayan harafi. A sa mai karatu ya karanta da ƙarfi, wani yana bin takarda da yatsa. A karɓi takardar shaidar mallaka, da lasin abin hawa, da takardar lafiyar hanya ta jami'an VIO. Idan motar Kwatano ce, a ga takardar kwastan. In mai sayarwa ya ce takarda tana gida zai aiko da ita, ku ce kuɗinku ma yana gida.

A rubuta yarjejeniyar ciniki da suna da hoton mai sayarwa, shaidu su sa hannu, kuma a biya ta banki don a bar shaida. Bayan haka a je a yi canjin suna. Idan ƙungiya tana da rajista, a sa sunanta. Idan ba ta da shi, a rubuta a gaban mai unguwa ko dagaci cewa wadda sunanta ke takarda amana ta riƙe wa mutum kaza. Kun san dalili? Rai na Allah ne. Idan aka sa sunan mijin wata kuma ta Allah ta kasance, magada za su lissafa shi cikin gado, kuma takarda tana bayansu.

Mataki na uku: inshora

Da yawa suna ɗauka inshora takarda ce kawai ta nuna wa 'yan sanda. A'a. Ai kun riga kun san inshora, domin asusunmu na gaggawa ɗan'uwanta ne: kowa ya zuba kaɗan, wanda tsautsayi ya faɗa wa a ɗauke masa nauyi.

Iri biyu ne manya. Ta farko ita ce wadda doka ta wajabta a Nijeriya, mai biyan ɓarnar da abin hawanku ya yi wa wani, ko jikinsa ko dukiyarsa. Hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta sanya farashinta daga 1 ga Janairu, 2023: motar gida naira 15,000 a shekara, kuma tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3; adaidaita sahu naira 5,000, har miliyan 2; babur naira 3,000, har miliyan 1. Amma ku ji da kyau, wannan ba ta gyara naku abin hawan, kuma ba ta biya idan an sace shi. Ta biyu ita ce cikakkiya, mai ɗauke har da sata da gobara da lalacewar naku. Ta fi tsada, domin ba ta yin ƙasa da kashi 5 cikin 100 na darajar abin hawan a shekara. Idan gumin mata 25 ne a jikin ƙarfe ɗaya, ya kamata a kawo maganarta gaban taro a tattauna.

Wadda zuciyarta ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai takaful, wadda aka tsara bisa ƙa'idar Musulunci ta taimakon juna, kuma akwai kamfanoni masu lasisi da ke yin ta a ƙasar nan.

Hattara da ta bogi. Wadda wani zai buga muku a bakin ofis da rabin kuɗi, ranar haɗari ba ta da amfani ko na naɗe ƙosai. Ku yi da kamfani mai rajista, sannan ku danna *565*11# a waya ku sa lambar abin hawan don ku tabbatar tana cikin rumbun bayanan inshora. Ku faɗa wa kamfani gaskiya cewa haya za a yi da shi, domin idan kuka ce na gida ne alhali fasinja yake ɗauka, za su iya ƙin biya. Magatakarda ta rubuta ranar ƙarewar kowace takarda a bangon littafi.

Mataki na huɗu: direba da kula

Direba ya zama mai lasin tuƙi, kuma ya kawo wanda zai tsaya masa. Ko ɗan shugaba ne, a rubuta: balas nawa zai kawo, wace rana, wa ke sayen mai, wane gyara ne nasa, wane ne na ƙungiya, a ina abin hawa zai kwana. Kunya ita ke kashe irin wannan harka. Balas kuma a gaban taro ake miƙa shi, masu ƙirga su ƙirga, kamar kowane kuɗi.

Kowace safiya kafin ya fita ya duba abu biyar: baƙin mai, iskar taya, birki, fitilu, da ruwan lagireto idan mota ce. Ba a buɗe murfin lagireto inji yana da zafi, ruwan yana ƙona fuska. Tayar da ba ta da isasshiyar iska tana sa a sha mai da yawa, kuma tana saurin cinyewa.

Juyen baƙin mai a kan lokaci shi ne gyara mafi araha. A bi abin da littafin kamfani ya ce, a sayi mai a rufaffen galan, ba na kwalba a bakin titi ba. Lokacin hunturu ƙura tana toshe matatar iska, a riƙa kakkaɓe ta akai-akai. Lodi fiye da ƙima kuwa ribar yau ce asarar gobe: buhu biyun da aka ƙara su ne za su karya sifirin, su cinye kuloci. Idan an ji sabon ƙara, a kai wa bakanike a ranar. Duk abin da aka sauya, a kawo tsohon a nuna wa taro tare da rasit, a rubuta a littafin gyara.

Aikin rukuni: tsakuwa 24

Wannan misali ne kawai, ku sa lambobin garinku. A ce direba yana kawo naira 5,000 kullum, kwana 24 a wata, ya zama naira 120,000. Kowace tsakuwa balas ɗin kwana ɗaya ce. A ajiye kwano huɗu.

Kwanon gyara da juyen mai: tsakuwa 6, wato 30,000.
Kwanon takardu da inshora: tsakuwa 1, wato 5,000.
Kwanon sayen wani idan wannan ya tsufa: tsakuwa 7, wato 35,000.
Kwanon ƙungiya: tsakuwa 10, wato 50,000.

Kun gani? Da ido ana ganin 120,000, amma abin da yake namu 50,000 ne, kowace mace cikin 25 naira 2,000 a wata. Yanzu ku cire tsakuwa 6 ku ce damina ta hana fita ko direba ya kwanta ciwo. Daga wane kwano za a rage? Ku bari mambobi su yi muhawara. A ƙarshe ku nuna musu cewa kwanon ƙungiya ne ke haƙuri, domin idan aka ci na gyara, wata mai zuwa duk kwanukan za su zama wayam.

Tambayoyin tattaunawa

1. Idan muka kwatanta wannan riba da wadda kuɗin zai kawo a rance ko injin niƙa, wanne ya fi mana?
2. Idan mamba tana buƙatar a kai ta asibiti da dare, wa zai biya kuɗin mai?
3. Idan direba ya yi kwana uku bai kawo balas ba, me dokarmu ta ce?
4. Idan mamba za ta fita daga ƙungiya, yaya za a ƙiyasta kasonta?

Duk amsar da aka amince da ita a shigar da ita cikin dokokin ƙungiya, kowa ta dangwala.

Aikin gida

Kafin zama na gaba, mambobi biyu su tambayi direbobi uku na yankinku nawa suke samu da nawa suke kashewa a mako, rani da damina. Wasu biyu su tambayi bakanike farashin taya, batir da juyen mai. Da waɗannan lambobin za mu sake wasan tsakuwa.

Waccan ƙungiyar kuwa, sun sayar da keken da asara, suka koma zubi. Bayan zango biyu suka sake saye, wannan karon da bakanikensu, kuma magatakarda da kanta ta durƙusa ta karanta lambar shasi. Biyu daga cikin matan da suka fita sun dawo. Ta ukun har yau idan mun haɗu a kasuwa muna gaisawa, amma ba ta dawo ba. Allah Ya sa wa guminku albarka, Ya tsare mu da asara.