Dankalin Turawa a Lambun Gida

Mutane da yawa sun yi asarar kuɗinsu da wahalarsu a kan dankalin Turawa domin sun ɗauka ɗan'uwan dankalin Hausa ne, wanda a wasu wurare a ke kira kudaku ko lawur. Suna ne kawai ya gama su. Ya kamata hakimai da malamansu su san bambancin sosai, gama su ne talakawa za su fara tambaya.

Asalinsa daga duwatsun Andes ne na ƙasashen Peru da Bolibiya, inda a ke sanyi ƙwarai. Mutanen Sifen suka kai shi Turai wajen shekarar 1570. A Nijeriya nomansa ya ƙarfafa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, 1939 zuwa 1945, sa'ad da Gwamnati ta bukace shi don abincin soja. Har yau bai rabu da halin ƙasarsu ba. Shi ya sa ya fi karɓar tudun Jos, wanda tsayinsa ya kai wajen ƙafa 4,000, musamman Bokkos da Mangu da Barikin Ladi, sai kuma tudun Mambila. A can a kan shuka shi a Afrilu ko Mayu, a tone a Yuli ko Agusta. Amma a ƙasashen Kano da Zazzau da Katsina damina ta yi masa zafi: ya kan yi ganye kore shar, a tona a tarar babu kome. A nan lokacinsa ɗaya ne, watau hunturu. A shuka a Nuwamba da ban ruwa, a tone a Fabrairu tun zafin bazara bai kawo jiki ba. Wanda ya makara har Janairu, gara ya haƙura sai baɗi.

Dankalin Hausa yaɗonsa a ke yanka a dasa. Wannan kuwa ƙwayar dankalin ce iri. A zaɓi mai girman ƙwan kaza, marar rauni, wanda idanunsa suka fitar da tsiro gajeru masu kauri. Sabon tono ba ya tsira sai ya huta wata biyu ko uku. Wanda ya saya a kasuwa ranar da aka sauke shi daga mota ya binne, sau da yawa ruɓewa zai yi a ƙasa. Kafin a biya kuɗin iri, a yanka ɗaya ko biyu a duba. In an ga zobe mai launin ƙasa a ciki, ko wani farin ruwa mai yauƙi yana fita in an matsa, to, kada a karɓa ko da kyauta ne. Wannan ciwo ya kan zauna cikin ƙasa shekaru, ya kashe tumatir da barkono da gauta, domin dukansu dangi ɗaya ne da dankalin Turawa. Saboda wannan dangantaka kuma ba a shuka shi a inda aka cire su sai an yi shekara uku.

Ƙasa mai laushi ya ke so, wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta, da taki wanda ya ruɓe sarai. A yi kunyoyi ƙafa biyu da rabi tsakaninsu, a binne iri inci huɗu, tsiron yana duban sama, ƙafa guda tsakanin wannan da wancan. Cikin mako biyu ko uku zai fito. Ban ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi a cika shi rana guda a bar shi ya bushe.

Aikin da a ka fi sakaci da shi shi ne tara ƙasa a gindi. 'Ya'yan suna fitowa ne kusa da fuskar ƙasa, duk wanda rana ta taɓa kuwa sai ya zama kore. Koren dankali yana da ɗaci da dafi, dahuwa ba ta kashe dafin. Haka ganyensa: kada a sa a miya yadda a ke yi da na dankalin Hausa. Sai a ja ƙasa da fartanya a rufe gindi sa'ad da shuka ta kai inci takwas, a sāke bayan mako biyu ko uku.

Akwai wani ciwo da ke zuwa da sanyi da laima, ya sa baƙaƙen tabo a ganye, cikin 'yan kwanaki gona ta zama kamar an babbaka. Shi ne ya jawo yunwar Ailan daga 1845, har mutum wajen miliyan guda suka mutu, kuma ya yi wa manoman Jihar Filato ɓarna mai yawa a 2014. Da an ga alamarsa sai a kira malamin gona a ranar, kada a jira kasuwa ta zagayo.

Bayan wata uku ko da ɗan ɗoriya ganye zai yi rawaya ya kwanta. A tsai da ban ruwa, a yanke ganyen, a bar dankalin cikin ƙasa kwana goma don ɓawonsa ya yi ƙwari. In an murza da babban yatsa ɓawon bai saɓule ba, ya isa tono. A tona da sassafe daga gefen kunya, a hankali. Wanda fartanya ta sara a ci shi da wuri. Sauran kada a wanke, kada a bar shi a rana. A baza shi a ɗaki mai duhu da iska.

Magidanci a ƙasa mai zafi ba zai iya ajiye iri daga Fabrairu har Nuwamba ba, zai yanƙwane ko ya ruɓe. Tilas ya sayo sabo kowace shekara, kuma wanda aka tone a tudun Jos a Agusta ya kan tsira daidai lokacin shukar hunturu. Saboda haka yana da kyau malamin hakimi ya nemi dagatai su kawo sunayen masu bukata tun farkon Oktoba, ya rubuta abin da kowa ya ke so, a haɗa kuɗi a aiki mutum guda wanda ya san iri, ya tafi Bokkos da wuƙarsa a aljihu.