Ilimin Haɗaka a Makarantun Firamare: Ina Matsayin Harshe?

Gabatarwa

Ilimin haɗaka shi ne tsarin da ake koyar da yara masu buƙata ta musamman, wato makafi da kurame da guragu da masu jinkirin fahimta, a aji ɗaya da sauran yara, a makarantar da ta fi kusa da gidajensu. Wannan maƙala za ta dubi tsarin ta fuskar harshe, tare da kafa misali da Duvu, a Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu, Jihar Adamawa. Abin da take son nunawa shi ne, shigar da yaro aji daban, isar da darasi zuwa gare shi daban, kuma harshe ne ke tsakaninsu.

Taƙaitaccen Tarihi

Da makarantu na daban aka fara. A shekarar 1953 Mishan suka buɗe makarantar makafi a Gindiri. Kano na da ta Tudun Maliki, Adamawa kuma na da Cibiyar Ilimi na Musamman a Jada. Ra'ayi ya sauya a 1994, lokacin da wakilan gwamnatoci 92 suka hallara a Salamanka ta ƙasar Sifen ƙarƙashin UNESCO, suka amince cewa makarantar kowa da kowa ce ya kamata ta karɓi kowane yaro. A nan gida, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta, sannan a Janairun 2019 aka sa hannu a kan dokar hana nuna bambanci ga masu nakasa. Ta fuskar doka dai ba a bar mu a baya ba.

Me Ya Sa Duvu?

Mubi tana arewacin jihar, daf da iyakar Kamaru, Jada kuwa sai an wuce Yola an nausa kudu. Manomin da ke da ɗa kurma ɗan shekara shida ba zai ɗauke shi ya kai shi makarantar kwana mai nisa haka cikin sauƙi ba, ko da yana da kuɗin mota. Ga kuma tabon 2014, shekarar da Boko Haram ta mamaye Mubi, jama'a suka watse, makarantu suka rufe. Wanda ya taɓa gudu da 'ya'yansa a hannu ba ya son ɗayansu ya kwana nesa da shi. Saboda haka ga irin wannan yaro, ko dai firamaren ƙauyensu, ko zaman gida.

To, a ce an karɓe shi. Yankin nan ƙasar Gude ce. Yaro kan tashi da Gudanci a gida, ya haɗu da Fulatanci da Hausa a kasuwa da wurin wasa, ya tarar da littattafai da jarrabawa cikin Ingilishi. Mai ji ma yana shan wuya, balle wanda ko ɗaya daga cikin harsunan huɗu bai taɓa shiga kunnensa ba.

Kurma da Leɓen Malam

Sau da yawa akan ce a zaunar da kurma a layin gaba ya riƙa kallon bakin malam. Shawarar ba laifi, amma ɗalibin tsarin sauti ya san iyakarta. Ɗauki waɗannan kalmomi: bari, ɓari, mari. Baƙaƙen farkonsu duk 'yan leɓɓa ne. Ana bambance su da abin da ke faruwa a maƙogwaro da hanci, inda ido ba ya kaiwa. Ga mai kallon leɓe, kalma ɗaya ce aka maimaita sau uku. Haka kara da ƙara da gara, waɗanda ake furta farkonsu can a hanɗa. Karin sauti kuwa, wanda Hausa da Gudanci ke rarrabe ma'ana da shi, ba shi da wata alama a fuska ko kaɗan. Ke nan yaron na iya shekara shida yana kwafe abin da ke kan allo da kyakkyawan rubutu, ba tare da ya san abin da yake rubutawa ba.

Harshen da zai kai masa darasi shi ne na hannu. A nan ma akwai ƙulli. Kuramen ƙasar Hausa suna da nasu harshe, Maganar Hannu, wadda Constanze Schmaling ta nazarta a Kano, ta fitar da littafi a kanta a shekarar 2000. Ba Hausar baki ba ce aka mayar hannu. Tana da nata nahawu, inda siffar hannu da wurin da aka ajiye shi da motsinsa da yanayin fuska ke ɗaukar ma'ana. Amma makarantun kurame sun ginu ne a kan maganar hannu ta Amurka, wadda Andrew Foster, kurma Baƙar Fatar Amurka, ya yaɗa daga makarantar da ya buɗe a Ibadan a 1960. Yaron ƙauye kuma yakan zo da alamomin da shi da uwarsa suka ƙaga a tsakar gida. A ganina, malamin da ya fara da koyon waɗannan alamomi daga bakin iyaye da hannun yaron, ya ɗora a kansu, ya fi wanda ya share su don ya fara daga littafi.

Makaho da Rubutu

Matsalar makaho ta sha bamban. Yana jin Gudanci da Hausa sarai, sau da yawa ma yakan fi 'yan ajinsu riƙe hadda. Inda ake barin sa a baya shi ne malam ya nuna allo ya ce, "Wannan da wannan, nawa ke nan?" Kalmomin nuni ba su gaya masa komai ba. Gyaran ba ya cin ko kwabo: malam ya faɗi abin da yake rubutawa da sunansa. Abin da ke cin kuɗi shi ne rubutun Burel, mai ɗigo shida da ake shafawa da yatsa, domin yana buƙatar allo da tsinken hudawa da takarda mai kauri, da malamin da ya iya shi. Irin waɗannan malamai ana horar da su a Kwalejin Ilimi ta Musamman da ke Oyo, da jami'o'i irin su Jos da Bayero, amma ba kowace firamare za ta samu nata ba. Malami ɗaya mai zagaya makarantu biyar ko shida a mako, kamar yadda ake yi a wasu ƙasashe, ya fi dacewa da ƙauyukan da ke warwatse a gindin duwatsun Mandara.

Sunan da Muke Kira

Saura wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Bahaushe bai taɓa ɓoye nakasa ba, har sarauta ya yi mata: Sarkin Makafi, Sarkin Guragu. Sai dai wannan tsari ya fi danganta su da bara, ba da aji ba. Dubi kuma yadda ake kiran kurma "bebe", ana kiran harshensa "maganar bebaye", kamar rashin ji da rashin abin faɗa abu ɗaya ne. Malamin da ke kiran yaro "kai gurgu" maimakon sunan yankansa, ya koya wa yara sittin darasin da babu shi a manhaja. Ɗaliban da za su fita koyarwar gwaji a bana, su lura da rajistar ajin da aka ba su, su kuma tambayi hedimasta yara nawa ne a unguwar da sunansu bai taɓa shiga cikinta ba.