Marubutan Kura, Ku Kauce wa Hanyar da Aka Saba

Matasan Kura da Bunkure masu rubuta labari, a takarda ko a waya, mai karatu ya riga ya haddace hanyarku: ɗan Alhaji da mota, 'yar talaka, uwa ta ƙi, a ƙarshe a ɗaura aure. Tun shafi na uku ya san na ƙarshe, gobe kuma ya manta sunan littafin.

Ku dubi Balaraba Ramat Yakubu. Lokacin da kasuwar Kano ke cike da littattafan soyayyar samari, Balaraba ta fito da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, labarin uwar 'ya'ya tara da miji ya kora saboda amarya. Har a Indiya aka buga fassararsa a 2012.

Ku kuwa kayan aikinku na bakin ƙofa: ruwan Tiga, rigimar layin ban-ruwa da tsakar dare, kwandunan tumatir na ruɓewa a Kwanar Gafan ranar da motocin Kudu ba su zo ba. Ku kai soyayyar can. Yarinyar ta zama mai turara shinkafa, mai jari a hannu, saurayin kuma ɗan ƙwadago da take bi bashi.

Sai dai ba-zata tana son shiri. In jarumar za ta ƙi auren, ku dasa dalilin tun farko cikin wata 'yar magana da za a wuce ba a lura ba. Kafin ku saki labari, ku karanta wa wani rabinsa, ya canki ƙarshen. In ya canka daidai, ku koma ku sake.