DARASI NA TARA: BAYYANA KIMIYYA DA HAUSA (MISALI DAGA TSABTACE RUWAN KWATA)

9.0 Gabatarwa

Malamin Hausa kan ci karo da batun kimiyya wanda kalmominsa ba su cikin ƙamus. Wannan darasi zai nuna yadda ake samar da su ta hanyar aro da faɗaɗa ma'ana.

9.1 Matsalar

A garuruwa irin su Isa da Sabon Birni, akan sami rijiya da salga cikin gida ɗaya. Fitsari da bahaya suna ɗauke da sinadarin naitirojin. Idan ya tsiyaya cikin rijiya a siffar naitaret, yakan rage wa jinin jarirai ƙarfin ɗaukar iskar oksijin. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada naitaret ya wuce miligiram 50 a litar ruwan sha. Idan kuwa ya gangara Gulbin Rima, sai gansakuka ta yawaita, kifi ya rasa iska.

9.2 Maganin

Bakteriya iri biyu ke raba ruwa da wannan sinadari. Na farko, idan sun sami oksijin, sukan mayar da amoniyar fitsari naitaret. Na biyu, a inda babu oksijin, sukan mayar da naitaret iskar naitirojin, wadda ita ce kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa. Sai dai na farkon ba su hayayyafa da sauri, kuma ruwa yakan tafi da su. Don haka ake zuba ƙananan robobi cikin tankin tace ruwa su maƙale a jiki, kamar santsin cikin randar da ta kwana biyu ba a wanke ba. A ƙasar Norwe aka ƙirƙiro wannan dabara a ƙarshen shekarun 1980.

9.3 Kalmomin

Naitirojin da amoniya aro ne, an daidaita su da furucin Hausa. Robobin kuwa muna iya kiransu "masauki", wato ɗafa-goshin ma- da saiwar sauk- da ɗafa-ƙeyar -i, kamar a "masallaci". Ɗalibin da ya san masaukin baƙo ba zai sha wahalar gane masaukin bakteriya ba. A kula: kalmar da ɗalibi bai fahimta ba, ba zai kai saƙonta gida ba, alhali rijiyar gidansu ake magana a kai.

9.4 Auna Fahimta

1. Bayyana aikin bakteriyan nan biyu da kalmominka.
2. Kawo sunayen wuri biyar masu ɗafa-goshin ma-.
3. Tsara darasin minti 40 kan wannan batu don 'yan aji shida na firamare.