KAFIN KA CANJA INJIN JAN RUWAN GIDAN KIFINKA, KA YI WANNAN LISSAFIN

Darasinmu na yau a kan injin jan ruwa ne, wato famfo.

Idan sabon mai kiwo zai yi lissafi, sai ka ji ya ƙirga kuɗin 'ya'yan kifi da abinci da magani, amma ya manta da kuɗin ɗaga ruwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuma aka kai farashin wutar rukunin Band A zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, famfo ya zama abokin cin ribarka. Maganar da nake so ka riƙe ita ce: famfon da ya dace da aikinka shi ne mai kyau, ba wanda ya fi girma ba.

1. San ruwan da kake buƙata
Kwami mai tsawon mita 3, faɗin mita 2, zurfin ruwa mita 1, yana cin lita 6,000. Idan kwami huɗu gare ka, lita 24,000 ke nan. In kana canja kashi ɗaya cikin uku kullum, lita 8,000 kawai kake nema.

2. Auna famfon da kake da shi
Ka sa jarka mai lita 25 a bakin bututun, daidai inda ruwa ke zuba a kwami. Idan ta cika a daƙiƙa 30, famfonka na ba da lita 3,000 a awa. Sai ka kashe komai na gidan, ka duba mita, ka kunna famfon awa ɗaya, ka sake dubawa. Abin da ya ragu shi ne ainihin cinsa. Doki ɗaya wat 746 ne, amma injin yana jan fiye da haka, domin wani kaso yana tafiya a zafi.

3. Ba kullum laifin injin ba ne
Ni kafin in ce wa mutum ya sayi sabo, sai na sa ya duba waɗannan:
- Idan yana gurnani bai tashi ba, sau da yawa kondensa ce ta mutu, kuma canja ta ba tsada.
- Idan yana ƙara mai kaushi, a duba boris.
- Siririn bututu da yawan lanƙwasa suna danne ruwa. Komawa daga inci 1 zuwa inci ɗaya da rabi kan ƙara ruwa sosai da injin nan dai.
- Idan iska na shiga ta bututun zuƙa, injin zai yi ta juyi ruwa kaɗan.

Amma injin da aka sake naɗa wa koyil sau biyu ko uku, yana zafi, ruwansa ya ragu, to lokacin sallamarsa ya yi.

4. Wurin sayen sabo
A jikin famfo za ka ga Q da H. Q yawan ruwa ne, H kuma tsayin da zai iya ɗaga shi. A kula fa: idan an rubuta H mita 30, a wannan tsayin kusan ba ya ba da komai. Ka auna daga saman ruwan rijiyarka lokacin rani zuwa bakin tanki, ka zaɓi wanda tsayinka ya faɗo a tsakiyar ƙarfinsa.

Ga misali. Tsohon inji mai jan wat 1,500 yana aiki awa 4, yunit 6 ke nan a rana, 180 a wata. A naira 225, ka biya 40,500. Ƙaramin da ke jan wat 600, ko da zai ɗauki awa 6 kafin ya gama aikin, yunit 108 ne a wata, wato 24,300. Ka tsira da 16,200, a wata shida na kiwon tarwaɗa kuwa 97,200. Ka sa farashin yankinku ka buga naka.

Akwai kuma famfo mai saurin da ake ragewa. A ƙa'ida, in aka rage juyinsa zuwa rabi, ruwan zai koma rabi amma wutar ta sauko kusan kashi ɗaya cikin takwas. Wannan ya fi amfani wurin zagaya ruwa ta matata, ba ɗaga shi daga rijiya mai zurfi ba.

Masu janareta da sola, ku tuna inji yana jan ninkin wutarsa sau da dama lokacin tashi. Ƙaramin famfo ba ya wahalar da inbata.

5. Bar gangara ta yi maka aiki
Ka ɗaga ruwa sau ɗaya zuwa tanki, ya gangaro da kansa. Kwami kuma a yi masa mafita a ƙasa, kada ka ƙona mai wajen zubar da ruwan datti.

Gargaɗi: kada tsimin wuta ya sa ka rage canja ruwa. Ruwa ya yi wari, kifi ya daina cin abinci, asarar ta fi kuɗin wuta. Haɗin waya kuma a bar wa mai gyaran wuta, ruwa da lantarki ba a wasa da su.

Wanda ya auna nasa, ya rubuto mana lita nawa da yunit nawa ya samu, mu duba tare. Allah Ya sa wa kiwonmu albarka.